Ludayin Kawu Milisav

Jawabin da Vukan, mawaƙin ƙungiyar Huɗu zuwa Shida, ya yi a taron arba'in na marigayi Milisav, a tsakar gidan benensu da ke Dorcol, Belgrade.

Mai girma Fada Arseni, limamin cocinmu, wanda ya yi mana addu'a da safe a maƙabarta, kuma ya daure ya biyo mu har nan duk da ya san ko mu su wane ne; mai girma wakiliyar ƙaramar hukuma; Kawu Radovan, shugaban tsofaffin direbobin jirgin cikin gari mai bin dogo, tare da abokan aikin marigayi da suka zaɓi teburin da ya fi kusa da kwalba; uwarmu Gwaggo Dobrila, matar marigayi; ɗansa Slobodan, da ya taso tun daga Jamus; jikarsa Nevena, 'yar'uwarmu kuma makaɗiyarmu; maƙwabta na ƙasa da na sama, waɗanda suka sha haƙuri da mu; Zorka da sauran masu gidajen rawa; 'yan'uwana makaɗa masu yagaggen wando da kuka raɓe can baya don kunya: ina gaishe ku duka, sannunku da zuwa.

Wanda bai san ni ba, sunana Vukan. Ni ne mai ihun nan da kuke ji yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Kwat ɗin nan ta aro ce, kada ku ga hannun ya tsaya a gwiwar hannu ku ce yayi ne. Na baya kuma ku yi haƙuri, ba zan ɗauki lasifika ba. Ku dubi agogo: biyar ta wuce, shida ba ta yi ba. Ko da Kawu Milisav yana kwance a ƙasa, ni ba ni da ƙarfin halin ɗaga murya a gidan nan a wannan lokaci.

Zan faɗi abu ɗaya tun da wuri, don kada a ce na zo da biyu a ɓoye. An ce in yi magana a kan marigayi, kuma zan yi. Amma kowa a nan ya san an gayyaci ƙungiyarmu babban bikin kiɗa na bazara a bakin kogi, dandalin da ba mu taɓa mafarkin hawa ba, kuma masu bikin suna jiran amsarmu ranar Litinin. Kowa ya san Nevena ta sa baƙi, ta ajiye sanduna, ta ce ba za ta taɓa ganga ba sai shekara ta zagayo, kamar yadda ake yi a gidan da aka yi rashi. Mu ukun da muka rage mun ce ba za mu ɗauki wani makaɗi ba. In babu Nevena, babu mu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kawu Milisav ya kasance direban jirgin cikin gari tun kafin a haifi iyayen wasu daga cikinmu. Kawu Radovan shaida ne: in ya hango tsohuwa a madubi tana gudu da jakar cefane, sai ya tsaya, fasinjoji su yi ta gunaguni, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da su har ta hau ta zauna. A shekarun wahala, lokacin da wuta ke ɗaukewa jirgi ya mutu a tsakiyar gada, ya kasance yana sauka ya raka yaran makaranta da ƙafa har ɗaya tsallaken.

Ya kasance shugaban mazauna benen nan, kujerar da ba wanda ya taɓa so sai shi. Ƙwan fitilar matakala in ya ƙone, shi. Ƙanƙara in ta toshe ƙofa, kafin ka gama neman safa ya kwashe. Faɗan wurin shanya tsakanin hawa na biyu da na uku, shi ya kashe shi, kuma na ga ɓangarorin biyu yau a teburi ɗaya suna miƙa wa juna cokali.

Ya kasance, sama da komai, mai tsaron lokacin hutu. Daga huɗu zuwa shida na yamma, benen nan barci yake. Ba a buga ƙusa, ba a kaɗe darduma, ba a kunna rediyo. Kare ma ya san abin da ake ciki.

To, cikin wannan gida Allah ya jefo mu.

Muka sami ɗakin ƙasa, inda dā ake zuba gawayi. Ni, da Kosta mai jitar bas, da Isidora mai ɗaya jitar. Ba mu da makaɗi, wata 'yar na'ura ce ke buga mana ganga. Kiɗanmu kuwa kun san shi, pank ne na rawa: jita tana yanka, bas yana dukan ƙirji, ni ina ihu kamar an taka ni, amma a ƙasa akwai bugun da ba ya barin ƙugu ya zauna. Muka zauna muka yi shawara irin ta masu hankali. Dare ba zai yiwu ba, mutane na barci. Safiya ba za ta yiwu ba, mu muna barci. Kosta ya ce, "Ƙarfe huɗu fa? Lokacin kowa idonsa biyu." Muka tafa masa. Yara uku da suka tashi a birnin nan, a benaye irin wannan, kuma ba wanda ya tuna!

Ba mu yi nisa a waƙar farko ba sai ga wani ƙara: kwan, kwan, kwan, kwan! Kosta ya durƙusa yana duba na'ura. Ashe daga bututun ɗumama ɗaki yake zuwa, wanda ya ratso rufinmu daga kicin ɗin da ke saman kanmu. Mutumin kirki da ya ji haka sai ya kashe kaya ya hau ba da haƙuri. Isidora kuwa ta karkata kai ta saurara, ta ce, "Kai, wallahi abin da waƙar ta rasa ke nan. Ku bi shi!" Muka bi shi. Ya ƙara fushi, ya ƙara sauri, mu ma muka ƙara. Waƙarmu ta farko da aka sa a rediyo, ƙarar ƙarfen nan da ke cikinta, wadda masu sharhi suka yi ta yabo, Kawu Milisav ne da ludayin miyar Gwaggo Dobrila, yana tsine mana.

Da ya ga bututu bai yi magani ba, sai ya yi kuskuren da ya yi ta ba'a a kansa har ƙarshen ransa. Ya aiko jikarsa.

Nevena ta turo ƙofa ba sallama, ta ce, "Kakana ya ce in gaya muku, in ba ku kashe abin nan ba zai kashe muku wuta daga mita." Sai idonta ya faɗa kan na'urar. "Wannan injin wankin ne makaɗinku?"

Na ce, "Ke kin fi shi ne?"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta cire wayar na'urar, ta kife bokitin gawayi, ta ɗauki ƙafar wata karyayyar kujera. Ashe tun tana ƙarama kakan nata ke kai ta ƙungiyar rawar gargajiya, ita ce mai babbar ganga. Ta fara duka, Kosta ya shiga, kafin mu ankara mun manta da akwai duniya a sama.

Can sai ga shi da kansa, da singileti da silifas, ludayi a hannu, gashin baki na rawa don haushi.

"Nevena! Na aike ki ki kashe wuta, kin zo kina hurawa?"

Ta ce, "Kaka, ka ji su mana. Ba su da kowa, marayu ne."

Ya ce, "Marayun ƙaniya! Kai mai ƙaton maƙogwaro, wa ya rasu kake kururuwa haka? Ubanka ya san abin da kake yi da ranka?"

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai Isidora ta zungure ni ta nuna min ƙasa. Nevena ba ta daina duka ba, shi kuma yana ta faɗa, amma silifas ɗinsa na dama yana ɗagawa yana sauka daidai da bokiti. Ya bi idonmu da kallo, ya ga ƙafar tasa, ya take ta da ɗayar. A nan aka yi sulhu. Ya ce daga huɗu zuwa shida ko tari kada ya ji. Shida in ta buga, mu rushe ginin in za mu iya. Sunan ƙungiyarmu ke nan. Masu jarida sun tambaye mu ma'anarsa, mun yi ta zuba musu ƙarya, yau kun ji gaskiya.

Daga ranar ya kasance alƙalinmu, ba tare da ya sauko ba. In muka fara sabuwar waƙa, sai mu kasa kunne. In bututu ya yi ƙara da sauri, ba tsari, to a jefar da ita. In ludayi ya bi kiɗan, akwai alama, a ci gaba da gyara. In kuwa bututu ya yi tsit, sai duk mu ɗaga kai. Akwai ƙwan fitila guda da ke rataye a rufinmu. In ya fara lilo, ƙura na zubowa a kan ganga, to Kawu Milisav ya ajiye ludayi ya tashi rawa a kicin. Ba mu taɓa kai wa mutane waƙar da fitilar nan ba ta yi mata lilo ba.

Ni na fi kowa shan wuya a wannan kotu. Na rubuta wata waƙa, na zuba mata zuciyata gaba ɗaya. Ko amshi ban kai ba bututu ya ɗauka kamar gobara. Na hau sama a fusace na same shi yana shan kofi.

"Kawu, waƙar nan fa magana ce a kan zaluncin zamani."

Ya ce, "To ka kai wa jarida. Ni ƙafata ba ta iya karatu ba."

"Amma ai akwai saƙo..."

"Ɗan nan, mutum ya wuni a tsaye yana aiki, ya zo wurinka, kai kuma ka ƙara masa baƙin ciki? Ka zagi duk wanda za ka zaga, amma ka zage shi yadda za a taka. Dobrila, ba shi miya, duba wuyansa."

Na ji haushi ƙwarai, amma na shanye miyar.

Zorka za ta tuna wasanmu na farko a gidanta. Kawu Milisav ya sa ta fara wasan da wuri, wai shi ba mujiya ba ne. Mutanen da suka zo, kun san irinsu, yawancinku ne: baƙar riga, hannu a harɗe, kai kawai ake gyaɗawa, kamar an zo duba marar lafiya. Muna ta kashe kanmu a kan dandali, ba wanda ya motsa. Sai ga tsoho da hular direba ya ratso tsakiya. Ya kama hannun wani dogo mai ƙarfe a hanci, ya kama na wata mai koren gashi, ya ce, "Ku an dasa ku ne? Kama na kusa da kai!" Ya ja su kolo, rawar da'irar da kowannensu ya rantse ya bar ta a bikin ƙauyen kakarsa. Kafin waƙar ta ƙare ɗakin gaba ɗaya yana juyawa, har da mai tsaron ƙofa.

Yau duk inda muka yi wasa, a ɗakunan ƙasa ko a kan kwale-kwalen rawa na kogin Sava, in muka kai tsakiyar waƙar nan mutane da kansu suke kama hannun juna. Wasu har da ludayi suke zuwa a aljihu, iyayensu mata suna can suna nema. Ƙungiyoyi sun fi mu iya jita a garin nan, ga wasunsu a tsaye, ba sai na kira suna ba. Abin da ya sa ake kiranmu shi ne a wasanmu ba a tsayawa kallo, kuma wannan ba mu muka ƙirƙiro shi ba.

Yanzu na zo wurin da ba na son zuwa.

Da sanyin bana Nevena ta kawo waƙa. Ba ta taɓa rubutawa ba sai wannan, kuma don kakanta ta yi ta: bugun jirgi a kan dogo, da ƙararrawarsa in zai sha kwana. Muka buga. Ludayi ya bi mu tun daga farko har ƙarshe. Muka ɗaga kai. Fitila ko motsi.

Muka ce saura kaɗan. Muka rage gudu, shiru. Muka ƙara gudu, shiru. Kosta ya sake bas, Isidora ta daina yi wa Kosta magana, ni na sake baitoci har na manta na asali. Kullum shida na bugawa muna nan, kullum ludayi na bin mu, kullum fitila na tsaye. Nevena ta san ƙafafunsa sun fara kumbura, ta tambaye shi ko su ne. Ya ce mata, "Ƙafata ras take. Waƙarki ce da saura." Ta sauko, ta zauna ta ci gaba da duka, idonta a rufi.

Haka har ranar da Kawu Milisav ya zauna a kujerarsa bayan cin abinci, ya lumshe ido, bai sake buɗewa ba. Tsakanin huɗu da shida ne. Bai tashi kowa ba, ya bi dokarsa har ƙarshe.

Mun yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Amma kukan Nevena daban ne, don ita a ganinta kakanta ya tafi bai taka waƙar da ta yi masa ba. Ta sa baƙi, ta ce saboda Gwaggo ne, ba za ta sa ganga ta tashi a ƙarƙashin ɗakin mai takaba ba. Tun ranar ɗakinmu yake kulle.

Jiya da yamma mu uku muka sauka kwashe kaya. Ba mu gaya wa Nevena ba, don kada ta ga ana kwance gangarta. Muna cikin naɗe wayoyi. Sai muka ji: kwan, kwan, kwan, kwan.

Fada, ka yafe mana. Kosta, da yake cewa bai yarda da komai ba sai abin da ya gani, shi ya fara yin alamar gicciye, kuma da hannun hagu. Isidora ta maƙale a bayana. Ni kuwa na ce, "Kawu, wallahi ba mu kunna komai ba!" Bututu bai daina ba. Da muka natsu muka saurara, sai muka gane bugun. Waƙar Nevena ce.

Muka hau a guje. Gwaggo Dobrila na zaune a kujerar marigayi kusa da bututu, baƙin gyale a kai, ludayi a hannu.

Ta ce, "Sai yanzu? Hannuna har ya gaji. Me kuke ja a ƙasa kamar ɓeraye?"

Na ce, "Gwaggo, kwashe kaya muke, don ki sami hutu."

"Wa ya ce maka hutu nake so? Shekara da shekaru ina kwana da munsharin direba, kuka zo kuka ɗora naku. Yanzu agogo kawai nake ji. Yarinyar nan ta sa baƙi don ni, ni kuma na yi shiru don na zaci ita take so. Muna zaune muna kallon juna kamar wawaye biyu."

Kosta ya ce, "Amma Gwaggo, waƙar ma ai ba ta ci ba. Fitila ba ta..."

Ta ce, "Kai rufe min baki da fitila! Mutumin da ko banɗaki sai na riƙe shi, da me zai girgiza muku fitila? Ranar farko da kuka buga ta, a kujerar nan yake, kafaɗa na rawa, hawaye har gashin baki. Ya ce, Dobrila, duk wannan ta fi. Na ce to ka gaya musu mana. Ya ce, ke ba ki san yaran nan ba? In na ce ta yi, gobe sun kwashe ta sun kai wa duniya. A bar su su yi ta gyara, ni kuma kullum shida ina da wasa kyauta a ƙarƙashin kujerata."

Jama'a, kun ji tsohon da muke yi wa kuka! Sanyi guda ya sa muna faɗa da juna a rami, shi yana sama yana jin daɗinsa. Na yi dariya a kicin ɗin nan har na zauna a ƙasa, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Na ce bari in kira Nevena. Gwaggo ta ce a'a. Ta ce in ta faɗa mata a ɗaki, za ta ce lallashi ne. "Gobe ka faɗa a gaban Fada da kowa, tun da Allah ya ba ka maƙogwaro."

To na faɗa, Gwaggo.

Slobodan, ka yi tafiya mai nisa ka binne mahaifinka, kuma na san ba irin kiɗan nan ka so wa 'yarka ba. Ba mu zo raina al'ada ba. Mu ma mun zuba masa ɗigon barasarsa a ƙasa da safe, mun ci dafaffiyar alkama kamar kowa. Muna roƙonka kawai ka ji abin da mahaifiyarka ta ce.

Gwaggo Dobrila, kin ciyar da mu, kin ara mana miji da ludayi, jiya kuma kin mayar mana da ɗakinmu. Ba mu da bakin gode miki. Duk ranar da gidan ya yi miki shiru, kin san inda bututu yake.

Nevena. Ba zan ce ki cire baƙi ba; dama duk masu zuwa wasanmu baƙi suke sawa, ba wanda zai lura. Ba zan kuma ce dole ki hau dandalin can ba. In kin ce a'a, ranar Litinin ni da kaina zan gaya musu, kuma ba wanda zai ga laifinki. Abu ɗaya nake so ki sani kafin ki yanke: waƙarki ta ci tun ranar farko. Ya taka ta da abin da ya rage masa na takawa.

Muna godiya ga Fada Arseni, da wakiliyar hukuma, da direbobi, da matan hawa na biyu da na uku da suka kwana biyu suna girki tare ba a ji kansu ba, da duk wanda ya ɗauko kujera daga ɗakinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Milisav, ya yafe masa kurakuransa, har da wannan na ƙarshe. Allah ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, ya ba shi maƙwabta masu kiyaye lokacin hutu. Allah ya ba Gwaggo da iyalinta haƙuri, ya sa a daɗe ana tunawa da shi a gidan nan da kuma duk inda aka kama hannu aka yi da'ira. Amin.

Na san na ja zance, Kawu Radovan ya duba agogo har ya gaji. Da gangan ne, jira nake. Ga ƙararrawar coci nan, ku ji, shida ta yi. Ba mu kwance gangar ba, tana nan ƙasa yadda aka bar ta, ƙofa a buɗe.

Gwaggo, me kike nema a jaka? Ah, to, ludayin ne. Ku ba su hanya, jama'a, ku ja kujerun nan. Nevena, sannu, kada ki faɗi a matakala. Kosta, Isidora, me kuke jira? Wani ya riƙe min kwat ɗin nan, ta aro ce.